Ɗakin Inna Ya Juya

Unguwar Kwari, Kura.
9 ga Oktoba.

Zuwa ga ƙanwata Ummul-Khairi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Abdulrauf da yara, da kuma aikin makaranta. Mu nan lafiya ƙalau, sai gajiyar kaka. Mun fara yankan shinkafa, ciwon bayana ya sake tashi, amma ina fita. Maiɗakina Kubra tana gaishe ki. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, idon kuma yana nan yadda kika sani.

Na ga ya fi in rubuto in ba Baballe direba ya kawo miki Ibadan in ya yi lodi. Kin san gidanmu. Ko a zaure na ɗaga waya Inna tana ji daga ɗakinta, kuma ba ta mantuwa. Ni kuma a waya ba na iya magana, sai an kashe nake tuna abin da ya kamata in ce.

Saƙonki ya iso, da hotunan ɗakin da kike so a mayar da na Inna kamarsa. Na zauna na duba su a tsanake, na kira birkila ya auna. Ga abin da na gani, in na yi kuskure ki gyara mini.

Maganar daɓe kin yi gaskiya. Tun da aka ɗaga bakin kanal ɗin noman rani da ke bayan gidanmu danshi yake hawowa, bangon arewa, inda gadonta yake, ya kumbura yana zubar da gishiri. A sa tayil, na yarda. Gadon katako kuwa ban yarda ba, gara da danshi za su cinye shi kafin shekara biyu. Akwai mai walda a Kura da zai yi na ƙarfe mai tsawo, yadda ba sai ta durƙusa ba. Bayan gida a cikin ɗaki kuma ba shi da fili sai ta kudu, wato inda ƙofarta take yanzu. Birkila ya ce sai wannan ƙofar ta zama ta bayan gidan, a fasa mata sabuwa ta yamma. Ya ce ba wani aiki ba ne.

Abin da ban san yadda zan yi da shi ba shi ne jerenta. Kwallaye da tasoshi da langogin nan tun na aurenta ne. Na san ɓeraye sun yi gida a bayansu, amma hannuna ya yi mini nauyi.

Na gaya mata. Kin san ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana, ba ta doguwar magana da ni. Na durƙusa a bakin ƙofa na yi bayani. Sai ta juya wajen Kubra ta ce, "Ki ce wa yaron nan na ji." Shi ke nan. Na dawo na rubuta a littafina na lissafin gona cewa ta ji, na daɗe ina kallon kalmar, ban iya rubuta cewa ta yarda ba.

Ki yi shawara ki rubuto.

Ni ne yayanki,
Dalhatu.


Sabo, Ibadan.
18 ga Oktoba.

Yaya Dalhatu,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah, kowa lafiya, sai ƙaramar da take haƙori ta hana kowa sakat. Allah ya ƙara sauƙin bayan, kuma don Allah ka daina ɗaukar buhu, akwai masu yi.

Yaya, kai dai ba ka canja ba. In Inna ba ta so abu ba, kai ma ka san gari zai ji. "Na ji" a bakinta yarda ce, me kake so ta ce, ta yi guɗa? Kunyarka take ji kawai.

Ni na san abin da na gani zuwana na ƙarshe. Rannan da surukata ta shiga gaishe ta ana ruwa, fanteka ce a tsakiyar ɗaki tana tarar yoyo, ɓera ya bi ta kan ƙafar baƙuwa ya shige bayan kwalla. Har muka dawo matar nan ba ta daina ce mini "Allah sarki Innarku" ba. Shekara biyu ke nan abin yana raina. Ba don ita nake yi ba, don Inna nake yi. Ta wanke mu, ta yi surfe ta yi turarar shinkafa har hayaƙi ya ci mata ido, a ce a ƙarshen rayuwarta ba za ta kwana a ɗaki mai haske ba?

Gadon ƙarfen na yarda. Amma kada a mayar da shi jikin bangon danshin nan, a sa shi yana kallon ƙofa kamar na hoton. Fenti fari, silin fari, labule mai haske. Likitan da ya duba ta wancan lokacin ya ce mai irin idonta yana son haske. A sa sola da fanka. Kabad ɗin mai madubi na riga na yi magana da wani a Kano, za a kawo. Jeren a wanke a zuba a buhu, a ajiye a ɗakin kaya. Ba cewa na yi a zubar ba.

Ka kai ta Bunkure wajen Kawu Habibullahi har a gama, kada ƙurar siminti ta kama ta. Kuma ka daina tunani da yawa, ka fara aiki.

Ƙanwarka,
Ummu.


Unguwar Kwari, Kura.
26 ga Nuwamba.

Zuwa ga Ummul-Khairi,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, da fatan haƙorin ya fito an huta. Ki yi haƙuri da shirun. Aikin ɗaki ya haɗe mini da dashen tumatir, ga layin ban ruwa, in ka bar naka ya wuce sai wani makon. Kullum ina tsakanin birkila da lambu, in na dawo ko alƙalami ba na iya riƙewa.

An gama. Hotunan da na turo miki ba su nuna komai da kyau ba, don haka ga bayani. Tayil ɗin ruwan madara ne, ya kwanta daidai. An kankare bangon arewa an sake yaɓe shi. Gadon yana jikin bangon gabas, yana kallon sabuwar ƙofa, kamar yadda kika ce. Kabad ya iso da tsaga kaɗan a baya, ba a gani. Tsohon gadon na ba mai walda ya yanka ya yi mini ƙyauren lambu, saboda awaki. Bayan ya yanka na fara tunanin ko da na bari, amma an riga an yi.

Jeren Kubra ce ta sauke. Ta ce a kwalla ɗaya ta sami ƙullin kanwa, a wata carbin Baba, a wata zare da allura, a wata ragowar goron da ya bushe. Ta haɗa su duka a leda ɗaya ta sa a kabad.

Shekaranjiya na ɗauko Inna a adaidaita. Tsakar gida cike yake da buhuna da shanyar shinkafar Kubra, sai da aka riƙe mata hannu aka zagaya da ita har ɗaki. Da ta taka tayil ta janye ƙafa, ta ce, "Wa ya zubar da ruwa?" Kubra ta ce ba ruwa ba ne, sanyinsa ne. Ta miƙa hannu ta taɓa gado, ta danna katifa, ta zauna. Ta shafa bango inda jere yake a da, ta sauke hannun. Sannan ta ce, "An gode. Allah ya yi albarka." Ta ƙara da cewa a kashe fanka.

Tun da bayan gida ya shigo ɗaki ba ta fito ba. Kubra ta ce hutu ne ya samu. Wataƙila haka ne. Ni dai na saba in na dawo daga lambu in same ta a gindin bango tana shan hantsi ko tana yi wa kaji faɗa, yanzu sai in ga labule a sake.

Ban ce aikin bai yi kyau ba. Duk wanda ya leƙa sai ya yaba.

Yayanki,
Dalhatu.


Sabo, Ibadan.
3 ga Disamba.

Yaya,

Salamu alaikum, ya sanyi, ya lambu. Mu lafiya lau.

Wallahi da na ga hotunan sai da na yi hawaye. Na nuna wa malaman makarantarmu, wata ta ce kamar ɗakin amarya. Allah ya saka maka, na san ka sha wahala.

Sai dai wasiƙarka ta sanyaya mini jiki. Daga farko har ƙarshe ba inda ka ce ka ji daɗi, sai "ban ce bai yi kyau ba". Haka ake cewa? In akwai abin da na yi da bai yi maka ba, ka faɗa mini kai tsaye. Ko don ni na turo kuɗi kai ka tsaya a kan aiki ne? Ni ban taɓa ɗaukar abin haka ba.

Na kira Inna jiya, ta ce ɗaki ya yi kyau, fari tas. To ka ji. Rashin fitowar kuma sanyi ne, tsofaffin nan ma haka suke. Ka sayo mata silifa mai taushi ta cikin ɗaki. Kuma don Allah kada a ce za a dawo da kwalla ɗaya, daga ɗaya ake komawa gidan jiya.

Ka gaida Kubra.

Ummu.


Unguwar Kwari, Kura.
6 ga Janairu.

Zuwa ga ƙanwata Ummul-Khairi,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Mu nan jiki da sauƙi, sai dai Inna ba ta gida, tana Bunkure. Na san kin yi ta kira ina cewa lafiya lau. Ban iya faɗa miki a waya ba. Wasiƙar nan ma na rubuta ta na yaga, na sake, ga motar Baballe ta kwana biyu a gareji.

Makon jiya Gwaggo Maryamu, taubashiyar Inna, ta zo ganin ɗaki. Ta shigo da surutunta tun daga zaure, ta ɗaga labule ba sallama, ta tarar Inna tana sallar walha. Ni ina tsakar gida ina ɗaure kwando. Sai da ta bari ta sallame, sannan na ji ta ce da ƙarfi, "Ke Sa'adiyya, yaushe aka mayar da Ka'aba Zariya?"

Inna ta ce, "Ke dai ba kya girma. Me kuma na yi?"

"Kudu kika kalla, baiwar Allah. Ko salla ma ta zamani aka saya miki tare da gadon?"

Gwaggo tana dariya. Ban ji Inna ta yi ba.

Ga abin da ya faru, don ni ma sai daga baya na gane. Ashe Inna ba da ido take gane gabas ba, da gado take ganewa. Tsohon gadon yana bangon arewa, in ta tsaya ta dafa shi da hannun hagu, fuskarta tana gabas. Haka take yi tun da idon ya tafi. Mu kuma muka mayar da gado bangon gabas, muka mayar da ƙofa yamma. A da gado yana kallon ƙofa, yanzu ma yana kallon ƙofa. A wajenta ba abin da ya motsa, alhali ɗakin duka mun juya shi. Ta dafa da hagu kamar kullum, ta fuskanci kudu. Tun ranar da ta dawo.

Ban gaya mata an canja ƙofa ba bayan bayanin farko, na ɗauka Kubra za ta nuna mata. Kubra ta ɗauka na yi. Da na tambayi Kubra ko ba ta taɓa gani ba, sai ta fashe da kuka, ta ce ta gani, har sau da dama. Ta ce yaya za a yi ta tsaya a kan uwar mijinta ta ce mata ba ta iya salla ba. Ban yi mata faɗa ba. Ni da aka haifa a ɗakin nan ban taɓa tsayawa na ga yadda take neman alƙibla ba.

Na je wajen Malam Ibrahimu limaminmu, ya zo da kansa ya zauna a bakin ƙofa. Ya ce mata wanda ba ya gani, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ba ramuwa a kansa, sallarta ta yi. Ta ce, "Na gode Malam." Yana fita ta fara ramawa. Kowace salla sai ta haɗa da wata. A kan tayil, cikin sanyin nan. Gwiwar ta kumbura har zane ba ya rufe ta da kyau. In za ta tayar sai ta kira yaran maƙwabta su juya ta, ba ta kiran kowa a gidan.

Ta nemi carbin Baba, aka ce yana kabad. Ta nemi kanwa, aka ce tana kabad. Ta ce, "Komai yana kabad, ni ma a sa ni." Washegari ta ce wa Kubra, "Ki ce wa yaron nan ya mayar da ni wajen Habibu. Ɗakin Ummu ne wannan, a kulle mata shi, in ta zo ta kwana."

Na kai ta. Kawu ya ba ta ɗakin da ta zauna wancan karon, mai daɓen ƙasa, tana shiga ta juya gabas ba wanda ya nuna mata.

Kin tambaye ni ko aikin bai yi mini ba. Ba haka ba ne, kuma maganar waye ya turo ba ta taɓa zuwa raina ba. Kawai ban san abin da yake damuna ba a lokacin. Yanzu na sani, ban kuma san gyaransa ba. Gida ba Inna, ko abinci ba ya shiga.

Yayanki,
Dalhatu.


Sabo, Ibadan.
14 ga Janairu.

Yaya Dalhatu,

Salamu alaikum. Ban san ta inda zan fara ba.

"Tun da idon ya tafi." Haka ka rubuta. Yaushe ya tafi? Na ɗauko wasiƙarka ta farko na sake karantawa, cewa ka yi idon yana nan yadda na sani. Yadda na sani shi ne tana ganin mutum kamar inuwa, tana gane fari da baƙi, tana zura ƙafa a takalminta. Da wannan idon na zaɓi fenti. Da shi na sayi madubi. Madubi, Yaya! Ka karɓe shi ka kafa ba ka ce mini uffan ba. Ita ma a waya cewa ta yi fari tas. Ashe ji ta yi ana faɗa.

Na yi fushi da kai kwana biyu. Abban yara ya ce in bari in huce kafin in rubuta. Da na huce sai na ga ni ma ban taɓa tambaya ba. Kullum cewa nake "ya ido?" ta ce "da sauƙi," in wuce zuwa wata maganar, don amsar da nake so ke nan.

Na kira Bunkure, Kawu ya kai mata wayar. Ta gaishe ni, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, da na ce "Inna maganar ɗaki" sai ta ce rana ta yi za ta yi alwala. Ban taɓa jin ta yi mini haka ba.

Ba zan samu zuwa ba sai hutun makaranta. Ka yi duk abin da zai dawo da ita. In tayil ɗin ne a fasa, a fasa. In jeren ne a dawo da shi har da ɓerayen. Ni na cire hannuna, ba don fushi ba, kada ka sake karanta ni a karkace. Don ban san ɗakin da take ciki ba ne. Na ɗauka na sani.

Ka ce wa Kubra ta daina kuka, ko ni ce a matsayinta ban san ko zan iya ba.

Ƙanwarka,
Ummu.


Unguwar Kwari, Kura.
2 ga Fabrairu.

Zuwa ga ƙanwata Ummul-Khairi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kuna lafiya ke da Malam da yara. Mu nan mun gode Allah. Tumatir ya nuna gaba ɗaya, kasuwa ta faɗi, muna yanka muna shanyawa. Na gaji, amma ba ita ce maganar ba.

Game da idon, gaskiyarki. Ya tafi a hankali ne a gabanmu, ba wata rana da zan ce ga ta. Na duba littafina ko na taɓa rubutawa, na ga na rubuta ranar da aka buɗe ruwa da ranar da akuya ta haihu, wannan ban rubuta ba. Da na ce yadda kika sani, na manta cewa kin daɗe ba ki gani ba.

Na yi ta zuwa Bunkure. In na gaishe ta ta amsa, in na kawo maganar gida ta ce wa matar Kawu, "Ki ce masa nan ma gida ne." Na ce za a fasa tayil, ta ce a'a. Na ce za a mayar da komai yadda yake, ta ce, "Da wane gadon?" Ashe ta ji labarin ƙyauren lambu. A ƙarshe Kawu ne ya ce mini, "Kai Dalhatu, ka cika tsara wa mutane. Kai da 'yar'uwarka duk ɗaya ne, ita da hoto kai da awo. Ka kai ta ka yi shiru, ka zama hannu kawai."

Ta yarda ta zo na yini ɗaya, da sharaɗin a zo da Gwaggo Maryamu. Muka iso da hantsi. Ta ce kada kowa ya riƙe ta. Ta tsaya a tsakar gida tana juyawa a hankali har rana ta sauka a fuskarta, ta ce, "To, ga gabas." Daga nan ta bi bango da hannu har ta sami sabuwar ƙofa, ta shafa ta sama da ƙasa, ta ce, "Ashe nan kuka kai ta." Ta shiga ta fito, ta sake shiga ta fito. Gwaggo ta ce, "Amarya ana zagayen ɗaki." Inna ta ce, "Rufe mini baki, ke da ko ɗakin kirki ba a yi miki ba."

Sai ta zauna a kujera 'yar tsugunno a tsakiyar ɗaki ta fara ba da umarni. Gado ya koma bangon arewa. Na buɗe baki zan yi maganar danshi, ta riga ni, ba tare da ta juyo ba ta ce, "Danshin nan ya girme shi, mun saba." Na bar ɗan fili kaɗan tsakaninsa da bango, ta sa hannu ta ji, ta bar shi haka. Gadon kansa ta ce a bar shi, ya fi tsohon daɗin tashi. Bayan gida ma ta ce a bari saboda dare, amma buta da randa a mayar waje, da rana a waje za ta yi alwala. Tayil an rufe shi da tabarmin kaba daga ƙofa har gado. Fanka ta ce a bari sai zafi ya zo a gani.

Kabad ɗin ta ce a fitar. Kubra ta ce ba za ta karɓa ba, Inna ta ce, "Ke kike da fuskar dubawa, ɗauki." Jeren kuma ba duka ta dawo da shi ba. Aka zazzage buhu a gabanta, tana ɗauka tana ƙwanƙwasawa tana shafa murfi, ta ware waɗanda take ajiya a ciki, ta jera su da hannunta a kan benci inda za ta kai daga zaune. Kanwa a nan, carbi a nan, goro a nan. Sauran ta ce a ajiye miki ke da 'ya'yanki, in ba kya so ki ba Maryamu ta yi bara da su.

Gaskiya ɗakin bai kai na hoton kyau ba. Rabi sabo rabi tsoho, bencin ma na zaure ne. Ba zan turo miki hoto ba sai kin ce.

Da azahar ta yi, ta tashi ta dafa gado da hagu ta tsaya. Ba ta tayar ba. Ta ce, "Maryamu, ina nake kallo?" Gwaggo ta ce, "Makka, sai dai in sun tashi." Sannan ta yi kabbara. Ina bakin ƙofa, ni ba ta tambaye ni ba. Abin ya taɓa ni, amma ban ga laifinta ba. Ramuwar kuwa ta ce ta kusa gamawa, kuma kada wanda ya sake aiko mata da malami.

Na ɗauka an gama, na fara murna za ta kwana. Sai ta ce wa Kubra a kira birkila. Na ce me kuma ya rage. Ta ce abin da aka ɗaga sau ɗaya za a iya sake ɗaga shi, ita ba za ta kwana a kan gadon da yake yawo ba. Birkila ya zo, ta sa ya fasa tayil a ƙarƙashin kowace ƙafar gadon, ya haƙa, ya zura ƙafafun, ya cika da siminti. Yana aiki yana kallona, ni ina kallon ƙasa. Ta koma Bunkure ta jira ya bushe. Shekaranjiya ta dawo da kayanta. Kafin ta zauna ta kama gadon da hannu biyu ta jijjiga, bai motsa ba.

Jiya da na dawo daga lambu na same ta a gindin bango tana yi wa kaji faɗa. Na durƙusa na gaishe ta, na ce zan rubuta miki, ko akwai saƙo. Wannan karon ba ta bi ta kan Kubra ba, ni ta gaya wa.

Ta ce in ce miki ta gode, Allah ya ba ki masu yi miki. Ta ce katifar tana da daɗi. Ta ce ki zo da hutu, akwai wajen shimfiɗa a ƙasa. In kuma har yanzu kina son gadon ya kalli ƙofa, ki bari sai ta mutu, ki taho da guduma.

Wassalam.

Ni ne yayanki,
Dalhatu.